Ƙeyar Malam Evaristo

Shekara goma sha tara muna wannan yawo mu uku, ban taɓa ƙirga juyi ba sai bana. Ƙarfe bakwai da rabi na yamma muke haɗuwa a bakin lambun Marina, mu gangara titin Santa Clara har dandalin Sagasta, mu juyo mu hau, mu sake juyawa. Zuwa shida, dawowa shida. Daga nan mu faɗa shagon Herminia mu ci tsire tsinke bibbiyu, mu kora da ɗan kofin giyar inabi, kowa ya nufi gidansa. Baƙo zai ce mun rasa abin yi. Mun rasa ɗin, amma ai garinmu Zamora duk haka yake da yamma: a rufe shago, a wanke fuska, a sa takalmin kirki, a fito titi ɗaya a yi ta gaisawa da mutanen da aka gaisa da su jiya. Ni dai ban san abin da ya fi wannan daɗi ba. Tun da na ajiye almakashi, shi kaɗai ne abin da ke sa ni duba agogo.

Sunana Atilano, na yi shekara arba'in da ɗaya ina aski a wani lungu bayan kasuwa. Benigno shi ne mai raba wasiƙun unguwarmu har ya yi ritaya. Mutum ne da in ya hango ka zai kira sunanka da na ubanka da lambar gidanku, ko da an rushe gidan tun tuni. Na ukunmu Malam Evaristo, tsohon hedimasta. Ya girme mu da shekara biyar, saboda haka shi ne a tsakiya. Ni ina gefen majami'ar Santiago, Benigno yana ɗaya gefen, haka muke tun ranar farko.

Ƙa'idar juyi kuwa ba mu muka ƙirƙiro ta ba, wurin iyayenmu muka gan ta. In an kai ƙarshen titi, na gefe biyun su juyo ta ciki, fuskarsu ga na tsakiya, domin ba a ba abokin tafiya ƙeya. Shi na tsakiya ba yadda zai yi, dole ya juya wa ɗaya baya, sai ya raba daidai: a Sagasta ya fuskance ni, a Marina ya fuskanci Benigno. Yaran yanzu ba su san wannan ba, juyawa kawai suke yi kamar awaki. Amma duk wanda ya haura sittin a titin nan ya sani, kuma idonsa na kai.

Mako guda bayan Ista, wata ranar Talata, muka isa Sagasta, na juyo ta ciki kamar kullum, sai na ga ƙeyar Malam Evaristo. Ƙeyar da na yi shekara talatin ina yi wa aski, na san ta fiye da yadda shi ya san ta. Na ce a raina mantuwa ce, tsufa ba ya sallama in zai shigo. Muka hau Marina, ya fuskanci Benigno, wannan daidai ne. Muka dawo Sagasta, ƙeya. A yammacin nan sau goma sha ɗaya aka juya, shida daga ciki haƙƙina ne, ko ɗaya ban samu ba.

Na tarar da matata Tránsito a kicin tana yanka albasa.

"Malam ya ba ni ƙeya," na ce mata.

"To, ka yi masa aski mana."

"Ba wasa nake ba. Sau goma sha ɗaya."

"Au, har ƙirgawa ka yi?" Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Tsohon nan, mutane na ƙirga jikoki, kai kana ƙirga ƙeya. Me ka faɗa a kansa?"

"Ban faɗi komai ba."

"Kai ɗin? Ai ranar da ka wuni ba ka faɗi komai ba, sai in aika majami'a a kira Fada ya zo ya yi maka addu'ar ƙarshe."

Gaskiyarta, ina da baki. Sana'ar ce ta gaji haka. Mutum ya zauna a kujerarka minti ashirin da tawul a wuya, ba za ka bar shi shiru ba, kuma abin da na ƙarfe goma ya ba ka shi za ka ba na ƙarfe sha ɗaya. Na kwanta ina lalube a raina. Na taɓa cewa Malam na rina gashin baki, amma wannan kowa ya gani da idonsa. Na taɓa cewa littafin tarihin gadar dutse da ya yi shekara goma yana rubutawa bai wuce shafi tara ba. Wannan ma da daɗewa. Ruwa dai ba ya tsami banza, sai dai na rasa abin da ya tsamar da wannan.

Laraba ƙeya, Alhamis ƙeya. Abin haushin, in ban da juyin nan ba abin da ya sauya. Yana yi mini magana, yana dariyar labaraina, a wurin Herminia har ya miƙo mini tsinkensa mai yaji ya ce ya yi masa yawa. Na gwada shi ta gefe.

"Malam, wuyanka lafiya kuwa?"

"Lafiya ƙalau. Me ka gani?"

"A'a, na ga kamar gefe ɗaya yake juyawa kwanan nan."

Ya ce, "Ka ga shamuwar nan ta kan majami'a ta ƙyanƙyashe?" Muka ɗaga kai muka kalli shamuwa.

Mako na biyu mutane suka fara lura. Gwauruwar mai kemis ta tare ni a wurin sayen burodi, ta sassauta murya ta ce, "Atilano, me ya haɗa ka da Malam? Jiya ina zaune a benci na ga abin da ya yi maka har sau uku." Na ce mata ba komai, na fito na bar burodin a kan teburin shagon. Shekara saba'in da huɗu gare ni, na binne iyaye, na binne ƙane, ban zaci bayan kan wani tsoho zai hana ni barci ba. Amma ya hana ni. Abin da nake tsoro shi ne sun gaji da ni su biyun, suna neman yadda za su sallame ni cikin mutunci, ni kuwa ba ni da wata yammar ban da wannan.

Ranar Juma'a ta mako na uku zuciya ta ɗebe ni. Titi ya cika, an fito da tebura, yara na gudu da askirim, masu kiɗan makarantar waƙa na gwaji a saman bene da taga a buɗe. Muka isa Sagasta, Malam ya juya wajen Benigno, ni kuwa na juya ta waje. Na ba su ƙeyata su duka biyun, a gaban kowa, a hankali yadda ba wanda zai ce kuskure ne. Na shige lungun da ke gangarawa kogi ban waiwayo ba. Na ji Benigno na cewa, "Ina Atilano? Ya tafi ne?" Har wannan ma ta ba ni haushi, na ce dubi munafuki, kamar ba a gabansa aka yi ba.

Kwana biyu na zauna a gida. Tránsito ta ce in ba zan fita ba in daina bin ta ɗaki-ɗaki ina huci. Rana ta uku na sa takalmina na fita, amma ban je Marina ba. Akwai wani shagon kofi a kusurwar Sagasta mai manyan tukwanen fure a ƙofa. Na zauna bayan tukunya ɗaya da jarida, ina so in ga yadda suke jin daɗinsu ba ni.

Ga su nan sun gangaro su biyu. Ranar farko ban ga komai ba sai abin da na zo gani. Rana ta biyu, da yake ina zaune ƙasa kuma daga gefe, na ga abin da ba a gani in kana cikin sahu. Taku uku kafin juyi, hannun Malam ya zame ƙarƙashin gwiwar hannun Benigno, yatsu biyu kawai, ya ɗan matsa, suka juya tare, ya sake shi. Na kuma ga leɓen Malam na motsi duk lokacin da wani sananne ya doso su, sai bayan ya motsa sannan Benigno ya ɗaga hula ya kira suna. Benigno da ke gane mutum daga tafiyarsa tun yana ƙarshen titi.

A zuwa na huɗu wani mai shagon takalma ya fito da allon talla ya kafa a gefen hanya, gefen da ba kowa tsakanin Benigno da bango. Malam na gaisawa da wani, bai lura ba. Benigno ya bangaji allon da kafaɗa, ya ja da baya, ya cire hula ya ce, "Gafara dai, baiwar Allah."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na tuna a watan Maris ya taɓa gaida mutum-mutumin da ke ƙofar kantin tufafi, na yi ta dariya, na kwashe labarin na kai wa Herminia, ta kai wa duk wanda ya shigo. Shi ma ya yi dariya a ranar, ya ce ai mutum-mutumin ya fi wasu 'yan majalisar gari amsa gaisuwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da nake taƙama ba abin da ke faruwa a garin nan ban sani ba, abokina na makancewa taku biyu daga kafaɗata, ina can ina ƙirga ƙeya.

Da safe na sami Malam inda yake karanta jarida kullum, a bencin lambun ganuwa mai kallon kogi. Ban gaishe shi ba, na zauna.

"Tun yaushe?" na ce.

Ya naɗe jaridar gida huɗu kafin ya amsa. "Tun Kirsimeti ya fara. Likita ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa. Haske yana gani, da inuwar mutum. Fuska babu. In rana ta faɗi kuwa ko inuwar ma babu."

"Shi ne ka bar ni mako uku ina cin zuciyata? Ka buɗe baki ka gaya mini mana!"

"Ya rantsar da ni."

"Kada ka gaya wa kowa?"

Malam ya kalli kogi. "A'a. Cewa ya yi, ko wa zan gaya wa, ban da Atilano."

Ya ci gaba, da muryarsa ta aji, wadda ba ta hawa ba ta sauka. "Ya ce in ka ji, Tránsito ta ji. In ta ji, kafin ƙararrawar sha biyu an buga wa Casilda waya. Ka san tun rasuwar uwarta take so ta ɗauke shi."

Na sani. Casilda ita ce 'yarsa tilo, tana aikin jinya a Valladolid, gidanta a hawa na bakwai. Duk Lahadi ta biyu takan zo da abinci a robobi, ta share masa gida, ta sake yi masa maganar ɗakin da ke jiransa. Shi kuwa ya ce mata gawarsa ce kawai za ta bar Zamora, ita ma sai an ɗaure ta.

Maganar ta yi mini zafi fiye da ƙeyar, saboda ƙeyar zato ce, wannan kuwa gaskiya ce. Na so in tashi in yi fushi na biyu, sai na rasa da wanda zan yi. Muka zauna muna kallon ruwa na wucewa ƙarƙashin gada.

"Gefensa na waje a buɗe yake," na ce can. "Jiya allo ya buga. Gobe keke ne."

"Na sani. Hannu biyu gare ni, ido biyu, su ma ba sababbi ba."

"Malam, za ka iya barin tsakiya?"

Ya dube ni. Shekara goma sha tara yana wurin nan, kuma kada ka ga shirunsa, yana son wurin kamar ransa. Ya ce, "Da wane dalili? In muka ce ya shiga tsakiya haka kawai, zai gane ka sani. Gari ma zai tambaya."

"Bar mini dalilin. Kai dai anjima ka ɗaure fuska."

Ƙarfe bakwai da rabi na isa Marina, suna tsaye. Benigno ya ji takuna, ya washe baki ya ce, "Ɗan fushi ya dawo! Tránsito ce ta koro ka ko?" Na ɗaga murya yadda masu zama a benci uku za su ji.

"Na dawo don kai, Benigno, ba don wannan mutumin ba. Na gama jerawa da shi kafaɗa da kafaɗa. Mutum ya yi shekara arba'in yana juya wa yara baya yana rubutu a allo, ya zaci kowa ɗalibinsa ne! In ana so in yi tafiyar nan, sai dai ka shiga tsakaninmu. In ba haka ba, sai wata rana."

Malam ya ɗaure fuska, har ya wuce yadda na roƙa. Ya ce, "Ni ma na huta da warin man gashi."

"Haba, haba," in ji Benigno, "ku ji tsoron Allah, da furfurarku? Malam, ka girme ni, yaya zan shiga wurinka?"

"Shiga," in ji Malam. "Kafin in yi abin da zan yi nadama."

Haka Benigno ya koma tsakiya. Malam ya karɓi gefen da allunan talla suke, ni na tsaya a nawa. In mun doshi ƙarshen titi sai mu rage taku mu biyun a tare, kafaɗunmu su ɗan taɓa nasa, mu juyo ta ciki, shi kuma ya raba daidai, Sagasta tawa, Marina ta Malam, bai taɓa kuskurewa ba. Da yamma Malam ke biya masa ya ɗauko shi, wai hanyarsu ɗaya. Ni ke mayar da shi, wai likita ya ce in ƙara tafiya saboda sukari.

Sunayen mutane kuwa ba sai an raɗa masa ba. Gulmar da na saba ce kawai na matso da ita gaba. Da sai mutum ya wuce nake magana a kansa, yanzu tun yana taku goma sha biyar.

"Ga Saturnino mai gas can da sabuwar sanda, wai ƙafar dama ce yanzu, makon jiya hagu ce."

"Saturnino!" in ji Benigno, hula a sama. "Ɗan Fermín na gida mai lamba sha huɗu! Yaya ƙafa?"

"Ga 'yan matan gidan Prieto su uku, ta tsakiyar ta sake rina kai, ya fito kamar karas."

"'Yan matan Prieto, barkanku da yamma! Amparo, wannan launi ya karɓe ki."

Gari kuwa ya sami abin taunawa. Aka ce Atilano ya tsige Malam daga tsakiya saboda baƙin hali. Wasu tsofaffin ɗalibansa suka daina gaishe ni. Gwauruwar mai kemis ta ce daman ta san za a rina. Herminia ta fara ba ni tsiren da ya fi ƙonewa. Mafi wuya ita ce Tránsito, don shekara arba'in da shida ban taɓa ɓoye mata ko kuɗin sigari ba.

"Me mutumin nan ya yi maka har ka wulaƙanta shi a bainar jama'a?"

"Shi ya sani."

"Atilano, dube ni. Akwai magana a bakinka, ina ganinta tana motsi."

"Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba," na ce, na shige banɗaki na kulle ƙofa, don na san in na ƙara minti ɗaya a gabanta ta fito. Kwana uku ba ta sa mini gishiri a miya ba.

Duk da haka ban taɓa jin daɗin yawo kamar na watan Yunin nan ba. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, duwatsun majami'a su yi ja, tsuntsaye su yi ta shawagi suna ihu a saman titi. Lokacin kasuwar tafarnuwa kowa ya fito da igiyarsa rataye a wuya, Benigno ya ce wannan makon ko ba a gaya masa ba ya san wa ke zuwa, ya yi dariya, ya yi sauri ya sauya magana. Ni da Malam ba ma yi wa juna magana kai tsaye, sai ta bakinsa. "Gaya wa abokinka igiyar takalminsa ta kwance." "Gaya masa na gode, ya kula da nasa."

Wata Laraba a tsakiyar Yuli, a gangarowa ta biyu, na hango mace tsaye a ƙofar majami'ar Santiago, ba ta tafiya, ba ta duba waya, mu take kallo. Casilda ce. Na ga kafaɗar Malam ta ƙage daga can gefe. Saura taku ashirin, sha biyar, sannan na buɗe baki.

"Kai Benigno, ba ka gaya mana Casilda na zuwa yau ba. Ga ta can ƙofar majami'a ta yanke gashi, wanda ya yanke mata kuwa a karɓe masa almakashi."

"'Yar nan!" in ji Benigno, ya buɗe hannuwa. "Ranar Laraba? Wa ya yi miki wannan aika-aika a kai?"

Hannuwan sun ɗan karkata hagu da inda take. Ita ce ta matsa ta shiga cikinsu. Ta sumbace shi kunci biyu, ta gaida Malam, sannan ta ce, "Baba, ku ɗan zauna a bencin nan da Malam, zan ari Kawu Atilano minti biyu." Ta ja ni gindin bangon majami'a.

"Kawu, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ranar Lahadi na buɗe durowarsa ina neman zare. Wasiƙa ashirin da uku, ba a buɗe ko ɗaya ba. Babana, wanda ko takardar talla sai ya karanta ta har ƙasa. Uku daga asibitin ido ne."

"Ƙyuya ce. Mutum ya yi shekara arba'in yana ɗaukar wasiƙa, ai dole ya gaji da ganinta."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Kawu, tun ina 'yar shekara biyar nake zama a shagonka. Magana ba ta taɓa kwana a cikinka ba. Yau ni za ka yi wa ƙarya?"

"Yau ɗin," na ce.

Ta share ido da bayan hannu. "Na gyara masa ɗaki. Motata na bayan Marina."

"A hawa na bakwai wa zai gaisar? Lambar gidan wa ya sani a can?"

"In ya faɗo daga matakala fa? In ya bar gas a kunne? Ku za ku kwana da shi? Kai saba'in da huɗu, Malam ya kusa tamanin. Ni nake ganin irinsu kullum ana kawo mana su da karyayyen ƙugu, Kawu, ba labari aka ba ni ba."

Ita ke da gaskiya. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ki tsaya nan. Ki kalli juyi ɗaya, sannan ki yi abin da kika ga dama."

Na koma na ce Casilda za ta shiga majami'a ta kunna wa marigayiya uwarta kyandir, mu ci gaba. Muka jera. Na fara aikina. Ga Fada Lorenzo da jakar kifi. Ga surukin mai gidan burodi da karensa mai kama da shi. Benigno ya gaida Fada, ya tambayi kare da sunansa. Wata yarinya ta taho a guje kan keke, Malam ya ɗan matso, mu uku muka kauce kamar mutum ɗaya. A Sagasta muka rage taku, muka juyo ta ciki, Benigno ya fuskance ni, kai a miƙe, hannuwa a baya. Muka hau.

Tana nan inda muka bar ta. Ta zo ta gyara wa ubanta kwalar riga, ta ce cuku ta zo saya wa wata abokiyar aikinta, dole ta koma kafin dare. Ta sumbaci Malam. Da ta zo kaina ta riƙe ni ta yi magana a kunnena.

"Har ranar da za a mayar da agogo baya da awa ɗaya saboda hunturu. Daga nan ƙarfe shida da rabi duhu ya shiga. Zan zo in ɗauke shi, kuma kada wanda ya zo mini da wata magana."

Lahadi ta ƙarshe a Oktoba ke nan. Na gyaɗa kai. Ta tafi da sauri, ba ta waiwayo ba.

Muka ci gaba da hawa. Mutum biyu sanannu suka wuce ban ambace su ba. Sai da muka kusa kantin tufafi Benigno ya yi magana, fuskarsa na kallon gaba.

"Har yaushe ta ba ni?"

Malam ya yi tari. Ni na duba ƙasa.

"Atilano, da kai nake. Wata biyu kana riƙe da magana, kada ta kashe ka. Har yaushe?"

"Ƙarshen Oktoba," na ce.

Ya gyaɗa kai, leɓensa na motsi, ya ƙirga abinsa. Sannan ya zaro hannuwansa daga baya, ya saƙala ɗaya a nawa, ɗaya a na Malam, a tsakiyar Santa Clara, kowa na gani.

"To, ku rage sauri mana," ya ce. "Ina za ku?"

Muka rage.